Ranar da Ban Ƙirga Babanku Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babin, domin shi ne wanda na fi ja da baya a kansa. Labarin tasowata a Zongo da na cinikin koko da ƙosai duk na rubuta muku su ina dariya, biro yana gudu da kansa. Wannan kuwa sau uku ina buɗe littafin ina rufewa. Abin da ya tilasta mini shi ne maganar da Sa'adatu ta yi ranar sunan ɗan Nasiru, da ta ce a gaban mutane wai Baffanku Alhaji Garba ne ya binne babanku da ransa. Na yi shiru a ranar saboda baƙi. To yanzu babu baƙi, daga ni sai ku. Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, ba zai iya kare kansa ba, ni kuwa na san abin da ba ku sani ba. Yatsan da ke kan takardar nan da kuke tsine wa nawa ne.

Ku kun buɗe ido kun ga babanku a ɗakin baya, mutum mai nauyin jiki da rawar hannu, wanda ake ce muku kada ku dame shi. Ni kuwa Malam Isa mai rediyo na aura, siriri, mai saurin tafiya, mai shago a bakin titin da ke gangarawa Jonke. Ya yi lakwal, makarantar boko, har ya ƙoshi da Faransanci, ya kuma sauke Alƙur'ani a zauren kakansa. Duk rediyon da ta mutu daga Zongo har kasuwar Tokpa a hannunsa take farfaɗowa. Ga shi da surutu, ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa a gabansa ɗaliba ce. Idan la'asar ta yi sanyi, iskar teku ta shigo lungunmu, jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, direbobin manyan motocin da ke jiran lodi sukan cika bencinsa, shi yana hura ƙarfen liƙe waya yana ba su labarin duniya. Ni ina tsallaken titi da kaskona, ina jin dariyarsu ina ƙona ƙosai. Wallahi har yau idan na ji warin dalma da aka narka sai zuciyata ta koma can.

Ciwon ya zo ina goyon Nasiru. Barci ya fara ƙaurace masa, sannan ya fara cewa rediyoyin shagon suna yi masa magana ko an cire musu pil, wato batir. Wata rana ya kwance na mutane duka, har da waɗanda ya riga ya gyara, ya jera hanjinsu a kan tabarma yana neman mai maganar. Mun yi rubutu, mun yi turare, mun yi addu'a har malamai suka san sallamata. Abin ya lafa, ya dawo, ya lafa. Ku tuna kuma zamanin kamarad ne, mulkin soja, lokacin da ko a tsakar gidanka sai ka dubi katanga kafin ka ce shinkafa ta yi tsada. A irin wannan zamanin ne babanku ya tashi da rana tsaka, ya tafi ƙofar wani ofishi da sojoji ke gadi, ya hau kan wata tsohuwar ganga, ya yi musu jawabi da Faransancinsa mai kyau a kan waɗanda suka cinye ƙasa. Aka ce mini har masu wucewa sun tsaya saurare kafin su tuna da kansu su ruga. Ba a kai ga sallar azahar ba aka tafi da shi.

Kwana uku Alhaji Garba bai cire takalmi ba. A rana ta huɗu ya shigo gidan nan da takarda a hannu da ɗan kwalin tawada, idanunsa jajur. Ya zauna a bakin rijiya, bai ko karɓi ruwan da na kawo ba.

"Azumi, hanya biyu ce," in ji shi. "Ko a ce yana cikin hankalinsa, su wuce da shi inda ba a dawowa da wuri. Ko a ce ba ya ciki, likita ya karɓe shi. Na sa hannu a matsayin wansa. Saura matarsa."

"Yaya Alhaji, me takardar ta ce?"

"Ta ce maganarsa ba magana ba ce. Duk abin da ya faɗa, da wanda zai faɗa, ba a kama shi da shi."

Na dangwala. Ba a tilasta mini ba, ban yi kuka ba, har godiya na yi wa Allah da ya sa akwai irin wannan takarda a duniya. Ita ta fitar da shi daga hannun sojoji ta kai shi asibiti, kuma da za a mayar da ni wannan ranar da zan sake dangwalawa. Abin da ban tambaya ba shi ne yaushe takardar take ƙarewa. Ashe ba ta da ranar ƙarewa.

Wata takwas ya yi a asibiti. Mu kuwa muka ce wa mutane ya tafi Jugu wajen dangin uwarsa. Haka ake yi a Zongo a wancan lokacin, duk wanda kansa ya taɓu to ya tafi Jugu, ko Parakou, ko karatu Arewa. Kowa ya san inda yake, har wasu sun gan ni ina hawa mota da kwanon abincinsa, amma ba wanda ya taɓa kunyata mu. Ranar da ya dawo, ya yi ƙiba, idonsa ya yi nauyi, hannunsa yana rawa saboda allura, dattawan unguwa suka shigo ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, sannu da hanya. Ya mutanen Jugu?"

"Suna gaishe ku," in ji shi, kansa a ƙasa.

A lokacin na ɗauka babu mutanen kirki kamar namu, kuma har gobe ban ce ba su da kirki ba. Amma daga ranar aka mayar da shi ɗakin baya, aka rufe shagon, ni kuma na zama komai. Maganinsa yana ɗaure a bakin zanina. Mabuɗin ƙofar gida yana wuyana. Askar gemunsa tana ƙasan akwatina, ba ya aski sai ina tsaye. Kartidantensa, wato katin shaidarsa, da takardar suna Godome a wajen Alhaji. Sai kuma wata ɗabi'a da ta shige ni ban san lokacin da ta shiga ba: ba na barin sa ya amsa tambaya. Maganin ya sa yana jinkiri kafin ya yi magana, ni kuma kun san ni da gajen haƙuri. Baƙo ya ce, "Malam, ya jiki?" sai ka ji ni, "Da sauƙi." Inna, mahaifiyarsa, ta ce, "Isa, ka ƙoshi?" sai ka ji ni, "Ya ƙoshi." Ko likita ya tambaye shi barci, ni ke ba da labarin barcin. Shekara goma sha ɗaya muna a haka, kowa yana yaba mini, ana kawo amare su ga yadda ake riƙe miji. Ni ma na yarda da yabon, ina ɗaga kai.

Mutum ɗaya ne bai daina yi masa magana kamar da ba, Mamman Keke, mai gyaran takalmi. Kun san shi da furfura, amma tun yana yaro ƙafafunsa suka shanye, da kekensa na hannu yake yawo. Keken ba ya shiga ƙofarmu, sai ya zagaya ta lungu ya tsaya ƙarƙashin tagar ɗakin baya, su yi ta hira ta taga. Idan ya yi tambaya yakan jira amsa, ko da za ta kai shan shayi guda kafin ta fito. Ni a lokacin gani nake rashin aikin yi ne.

Sai shekarar nan ta zo da ƙasa ta juye. Ma'aikata suka daina aiki, 'yan lakwal suka cika titi, aka tara manyan ƙasa a babban taro, kuma abin da bai taɓa faruwa ba ya faru, aka saki maganarsu a rediyo kowa yana ji. Matsalarmu a Zongo ita ce Faransancinmu na kasuwa ne, na nawa ne da rage mini. Wannan kuwa Faransancin manya ne, mai dogayen kalmomi. Mutane suka kasa kunne suna jin ihu da tafi ba su san wa ake zagi ba. Mamman ne ya ɗaga rediyonsa ya miƙa ta taga.

"Malam, don Allah me mutanen nan suke cewa?"

Ina shirin leƙawa in ce a bar shi ya huta, sai na ji murya. Ba muryar ɗakin baya ba, muryar shago. Ya fassara, ya tsaya ya yi bayanin abin da mai maganar ke nufi da abin da yake ɓoyewa, har ya kwaikwayi yadda wani ke shan ruwa kafin ya yi ƙarya. Washegari mutum goma ne a ƙarƙashin tagar. Kafin taron ya watse lungunmu ba ya biyuwa, mahauta da masu goro da direbobi, mata suna leƙe ta katanga, har delege, mai unguwarmu, ya aiko a ajiye masa benci. Kokona ba ya kai hantsi. Ban taɓa jin daɗin wasu kwanaki kamar waɗannan ba, kuma ba don cinikin ba. Ina juya ƙosai ina jin dariyar maza tana tashi daga bayan gida, sai in ji kamar ban haifi kowa ba tukuna. Da aka fito da sabon tsarin mulki ma a tagar ya karanta musu shi. Da ya zo wajen da aka ce kowa daidai yake a gaban doka sai ya tsaya, ya koma ya sake karantawa. Na ji shi da kunnena, amma ban kawo komai a raina ba.

Aka ce za a yi zaɓe, za a bi gida gida a rubuta manya kafin a je lakwal a karɓi katin zaɓe. Da safiyar ranar ya roƙe ni aska, na tsaya ya gyara gemunsa. Ya ce in ciro masa shuɗiyar babbar rigarsa ta ɗaurin aurenmu, na ciro, a zatona Juma'a yake wa shiri. Can sai ga delege da wani malamin lakwal, irin waɗanda muke kira mushe, da babban littafi. Na tare su a tsakar gida ina goge hannu da zani.

"Madam, manya nawa ne a gidan nan?"

"Mu biyu ne, ni da Inna."

"Babu namiji?"

"Babu."

Ku saurare ni da kyau, ba ƙarya na yi niyya ba. Bakina ne ya saba. Shekara goma sha ɗaya duk wanda ya zo neman namiji a gidan nan, na aikin gayyar Asabar ne, na ɗaukar gawa ne, na shaidar aure ne, amsar ita ce babu, kuma rufin asiri muke kiranta. Ta fito da kanta kamar amsa sallama. Sai na ga idon mushen ya wuce ni. Na waiwaya. Babanku yana tsaye a ƙofar ɗakinsa cikin shuɗiyar riga, hula a daidai, biro a aljihun gaba.

"Azumi," in ji shi, "ni fa?"

Ban taɓa fatan ƙasa ta tsage ba sai ranar. Delege ya yi gyaran murya ya ce ai ko Azumi ba ta faɗa ba akwai takarda, shi ma ya san da ita, kuma mai irin wannan takarda ba a rubuta shi. Mushen ya rufe littafinsa ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ni ma a tagarka na fahimci rabin taron nan. Amma dokar tun ta zamanin Faransa ce, ba a taɓa ta ba tukuna. Sai juji a kotu ya cire takardar." Babanku ya ce ya gode. Ya shiga ɗaki, ya cire rigar, ya ninke ta ya miƙo mini, bai dube ni ba. Da la'asar mutane suka taru kamar kullum suka tarar da taga a rufe. Kwana uku ba a ji rediyo a ɗakin ba.

A rana ta uku Mamman ya tsayar da kekensa a gaban kaskona, ya tokare mini masu saye.

"Ni jiya ƙarti biyu suka ɗauke ni kamar buhun gari suka hau da ni matakalar lakwal," in ji shi. "Hulata ta faɗi, yara suna dariya. Amma an rubuta ni, ga katin. Mutumin da ya karanta mana dokar shi ne ba a rubuta ba? Kuma da bakinki? Azumi, ba ki ji kunya ba?"

Na wanke shi tas, ba sai na faɗa muku ba. Na ce shi ne ke dafa masa abinci? Shi ne ke kai shi allura? Ya bar ni na gama, ya murɗa kekensa ya tafi. Ni kuma na kashe wuta da sauran ƙullu a roba, na shiga kicin na yi kuka. Washegari na hau zemijan, babur na haya, karo na farko a rayuwata, ina salati ina riƙe da rigar mai babur har Godome.

Alhaji ya saurare ni yana jan carbi. Kuma ina so ku ji abin da ya ce, domin ba maganar mugu ba ce.

"Azumi, takardar nan garkuwa ce. Kina ganin wannan iskar za ta ɗore? Gobe sojoji su dawo, su ce wa ke tara mutane a taga yana fassara musu zagin gwamnati, mutum ɗari za su nuna gidanki. Rannan, me za ki nuna musu? Sannan in kin je turbunal gaban juji, a bainar jama'a za a karanta ciwonsa. Jugu ta ƙare ke nan. Kina da 'ya mace da ta tasa. Ki yi tunani."

Na dawo hannu banza, kuma a hanya na ga maganarsa tana da ƙafa. Sai da na sauka a bakin lungu wani abu ya faɗo mini, na tsaya cak har mai babur ya ce ko na yar da wani abu. Na je Godome a kan maganar mutum, na yi musu a kansa, na kusa yanke hukunci a kansa, kuma ban tambaye shi ba. Na shiga ɗakin baya na zauna a bakin gado. Na faɗa masa duk abin da wansa ya ce, ban rage ba. Sannan na ce, "Malam, me kake so a yi?" Na sa haƙori na danne leɓena na jira. Wallahi jiran nan ya fi mini naƙuda wuya.

"Na san ba Jugu na je ba, Azumi," in ji shi daga ƙarshe. "Kowa ya sani. Ni kaɗai ake ɓoye wa."

"In sojoji suka dawo fa?"

"Su kama ni kamar yadda za su kama Mamman. Ni ma in zama wanda ake kamawa."

Tare muka koma Godome. Alhaji ya dubi ƙanensa tsawon lokaci, ya tashi ya ɗauko ambulan ya ajiye a kan tabarma, bai miƙa wa kowa a hannu ba. Ya ce shi ya yi iyakar abin da Allah ya ɗora masa, daga yau ba ruwansa. Shekara shida bai tako gidan nan ba, sai ranar rasuwar Inna. Mutumin da ke kawo muku kayan sallah da kansa, wanda ya ɗauke mu a lokacin da ba mu da kowa, na rasa shi a ranar da ya ajiye ambulan ɗin, kuma na ji zafin abin ƙwarai. Maganarsa a kan 'ya mace kuwa ta tabbata. Sa'adatu, mutanen gidan masu goro da suka fara aiko da gaisuwa a kanki sannan suka ɗauke ƙafa, ba don kin yi tsawo ba ne kamar yadda na ce miki. Labarin turbunal suka ji. Na ga yaron nasu kwanan baya a Tokpa, haƙori biyu suka rage masa, ki gode wa Allah. Amma a lokacin kin yi kuka, kuma ni na jawo miki.

Likitan babanku ya rubuta mana takarda ba gardama. Ya ce ciwon yana nan, allura ba za a daina ba, amma ciwo daban, rashin ta cewa daban. Turbunal kuwa ba ta san gaggawa ba. Yau juji ya yi tafiya, gobe ba a ga fayil ba, jibi a dawo da hoto. Muna wannan zirga-zirga aka rufe littafin rajista, zaɓe ya zo. Babanku ya raka ni har ƙofar lakwal cikin rigar gida. Layi ya yi tsawo, mutane sun yi ado kamar sallah, wasu tsofaffi suna hawaye. Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Malam, faɗa mini wanda kake so, in jefa maka. Ni duk ɗaya ne a wajena."

"A'a. Naki naki ne. Je ki."

Da na fito ya kama hannuna a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, ya juya babban yatsana yana kallon tawadar. Ni na san wane yatsa ne, shi ma ya sani. Muka taka muka dawo gida, ya kunna rediyo.

Sai da damina ta shigo aka kira mu gaban juji. Mamman ya zo shaida, aka sake ɗaukar sa a matakala, yana mitar cewa ko gwamnati ta gina gangara ko ta ɗauki ƙartin nan aiki. Jujin dattijo ne mai tabarau. Ya dubi babanku ya yi tambaya da Faransanci, na tsinci kalmar magani a ciki, sai na ji bakina yana cewa, "Yana sha, safe da yamma, ni ke ba shi." Juji ya sake wata tambayar. Na ce, "Yana barci lafiya." Sai ya cire tabarau ya yi wata doguwar magana yana kallona. Ban gane ba, na juya wajen babanku kamar yadda Zongo duka ke juyawa.

"Me ya ce?"

"Ya ce, Azumi, ki yi shiru."

Mamman ya yi dariya har sai da ɗan sanda ya harare shi. Daga baya na ji cewa jujin ya faɗi abin da ya fi haka tsawo, babanku ne ya taƙaita, kuma na lura bai taɓa jin daɗin wata fassara kamar wannan ba. Na zauna a kan hannuwana. Suka yi magana su biyu kusan awa guda. Ya ce wa juji ya san yana da ciwo, ya san alamunsa idan zai tashi, ya san sunan allurarsa. Da aka miƙo takarda ya ciro biron aljihunsa. Hannun yana rawa, sunan ya ɗauki lokaci, layin ya karkace. Ba wanda ya taimaka masa.

Kada ku ɗauka warkewa ya yi. Bayan shekara ciwon ya tashi, ya yi sati uku a asibiti. Bambancin shi ne da ƙafarsa ya je, shi ya sa hannu a takardar shiga, kuma da mutane suka tambaye ni na ce yana asibiti, ku je ku gaishe shi. Wasu sun je, wasu sun ji nauyi. Na mayar masa da askarsa. Maganin dai na ci gaba da riƙewa, domin shi da kansa ya ce in riƙe, kuma wannan ba ɗaya ba ne da na da. Sa'adatu, ina jin ki a rediyo ke da 'yan ƙungiyarku kuna cewa a gyara doka, kada a rufe mutum sai an ji ta bakinsa, kada takarda ta zauna a kansa har abada, a yi wa irin su Mamman hanyar shiga ofis. Ina alfahari da ke, ku matsa musu. Amma in kina ba da labarin babanki ki daina sa Baffanki a wajen mugu. Tsoro ne ya riƙe shi, tsoron kuma yana da dalili. In dole sai kin sa wani, ki sa matar da ta ce babu namiji a gidan.

Shekara huɗu babanku ya jira zaɓe na gaba. Ranar ya sa shuɗiyar rigar, ta matse shi a ciki, ya ƙi a buɗe ta. Ya bi layi a bayan Mamman, ya shiga bayan labule, ya daɗe har na fara leƙe. Ya fito yana ɗaga yatsa sama kamar ya ƙone. A hanya na haƙura har muka wuce masallaci, sannan na kasa.

"Malam, wa ka zaɓa?"

"Ba a faɗa."

"Ni ce fa, Azumi."

"Na san ke ce."

Kwana uku ina fushi, har tuwonsa na rage wa miya. Ni da na san adadin ƙwayar da ya haɗiya, na san mafarkinsa, na san abin da ke aljihunsa, a ce akwai abin da ya sani ban sani ba? Na yi dabara iri-iri. Na zagi wannan ɗan takara in ga ko zai ɓata rai, na yabi wancan in ga ko zai yi murmushi. Sai ya dube ni kawai ya ƙara muryar rediyo. Duk zaɓen da aka yi bayan wannan haka muka yi, ni ina tambaya shi yana hanawa, har abin ya zama wasanmu na tsufa. A ciwonsa na ƙarshe, ina ba shi kunu da cokali, na ce to yanzu dai ai sai ka faɗa mini na farkon nan. Ya yi jinkirinsa da ya saba, na jira, don zuwa lokacin na koyi jira. Sai ya girgiza kai yana dariya, kunun yana zuba a gemunsa.

Katin yana cikin aljihun shuɗiyar rigar, a ƙasan akwatina inda askar take a da. In na mutu Nasiru ya ɗauki rigar, Sa'adatu ta ɗauki katin. Wanda ya zaɓa kuwa kada ku tambaye ni. Ban sani ba, kuma a duk abin da na taɓa rasawa a gidan nan babu wanda na ji daɗin rasa shi kamar wannan. Allah ya jiƙan Malam Isa, ya jiƙan Alhaji Garba, ya yafe wa Azumi bakinta.